Kafin ka sayar da fili don koyon tuƙa helikwafta

Idan kana Kano kuma ka ƙudiri niyyar koyon tuƙa jirgi mai saukar ungulu, wurin da za ka fara kai kuɗinka shi ne wajen likita, ba makaranta ba. Ni matuƙin helikwafta ne, aikina yana Fatakwal, iyalina suna Kano, kuma duk hutun da na zo sai an haɗa ni da wani yaro an ce in ba shi shawara. Abin da nake gaya musu ke nan, a jeren da nake so su bi.

Likitan ba kowane likita ba ne. Hukumar NCAA, wadda ke ba da lasisin tuƙin jiragen farar hula a Najeriya, tana da likitocin da ta amince da su, kuma takardarsu kaɗai ake karɓa. Takardar lafiyar aji-aji ce: aji na biyu ya ishi mai son tuƙi don sha'awa. Wanda zai ci abinci da sana'ar kuwa aji na ɗaya ake nema daga gare shi, don haka shi za ka nema tun farko, ko da makaranta ta ce ba ka buƙatarsa tukuna. Za a duba ido, kunne, bugun zuciya, hawan jini da fitsari. Sa gilashi ba ya hana mutum tuƙi muddin yana gyara ganin. Abin da ke kayar da samari ba zato shi ne rarrabe launi: mutum ya girma har ya gama sakandare bai san ja da kore suna rikice masa ba, sai ranar da aka buɗe masa littafin ɗige-ɗige aka ce ya karanta lambar da ke ciki. Gara ka ji wannan labari filin gado yana nan ba a sa masa hannu ba. Mai shan ƙwaya ko kodin kuma ya huta da wahalar da iyayensa, domin kamfanoni suna gwaji ba tare da sanarwa ba.

Hanyar koyon tuƙin biyu ce. Ta soja: ka shiga NDA a Kaduna ɓangaren sojan sama, gwamnati ta koya maka da kuɗinta, amma ita za ta zaɓa maka irin jirgin da za ka tuƙa da inda za ka je da shi. Makarantar sojan sama da ke nan Kano, wadda jiragenta ke ratsa mana sama da ƙara, ta masu jet ce. Horon helikwafta na soja yana Inugu. Mata ma suna bin wannan hanya. Marigayiya Tolulope Arotile ta zama mace ta farko mai tuƙa helikwaftan yaƙi a Najeriya a 2019. Hanya ta biyu ta farar hula ce, da aljihunka ko da tallafi. A Inugu akwai makarantar helikwafta da ke amfani da Robinson R66. Kwalejin Zariya, wadda aka kafa a 1964, ita ce uwa a harkar horon sufurin sama a ƙasar nan, amma ka tambaya da bakinka ko ana kwas ɗin helikwafta a shekarar da kake so, kuma jirgi nawa ne ke tashi a yanzu, ba wanda ke cikin hoton talla ba. Da yawa daga abokan aikina a Afirka ta Kudu ko Amurka suka yi karatu, suka dawo suka maida lasisinsu na Najeriya. Kowace makaranta ce, ka tabbatar hukumar ƙasarta ta yi mata rajista. Sakamakon WAEC ko NECO mai kyau a Turanci, lissafi da fiziks shi ne abin da aka saba nema.

Yanzu kuɗi. Da awa ake biya, kuma awar helikwafta ta fi ta ƙaramin jirgi mai fiffike tsada nesa ba kusa ba. Ƙa'idar duniya ita ce awa 40 aƙalla don lasisin sha'awa, awa 150 don lasisin sana'a, ko da yake kwas ɗin da aka tsara a dunƙule yana iya rage wannan. Ɗauki biro: a ce awa ɗaya dala 400 ce, awa 150 ta zama dala 60,000, ba a sa kuɗin aji, jarrabawa, masauki da abinci ba. Kuma awa 40 ɗin nan mafi ƙaranci ce. Yawancin mutane suna wuce ta kafin malami ya yarda ya kai su gwaji. Shawarata a nan ba ta da daɗin ji: kada ka fara sai kuɗin matakin da kake son kaiwa sun cika a hannu. Wanda ya yi awa goma sha biyar, kuɗi suka yanke, ya dawo Kantin Kwari ya yi wata shida yana tarawa, idan ya koma hannunsa ya manta, sai ya sake biyan abin da ya riga ya biya. Darasi uku ko huɗu a mako shi ne ke zaunar da abin a jiki. Kuma kada ka zuba wa makaranta kuɗin gaba ɗaya a rana guda. Ka ajiye a asusunka kana biya kashi-kashi, domin makarantun tuƙi suna rufewa kamar kowane kasuwanci.

Karatun aji ba zan daɗe a kansa ba: dokokin sama, yanayi, taswira da lissafin hanya, yadda inji yake aiki, nauyi da daidaito, da maganar rediyo. Wannan ta ƙarshen da Turanci ake yin ta, kuma sai ka kai mataki na huɗu a gwajin Turancin matuƙa. Kana iya fara wannan tun kana gida kyauta. Haddace sunayen da ake kiran haruffa da su a rediyo, Alfa, Bravo, Charlie har ƙarshe, ka saba da jin matuƙa suna magana da hasumiya. Duk jirgin da ka ga rajistarsa ta fara da 5N, na Najeriya ne.

Ranar da za ka shiga jirgin, kujerar dama ce taka, malam yana hagu. Mai yiwuwa Robinson R22 ne mai kujera biyu, ko R44 mai huɗu. R22 ƙarami ne ƙwarai, kujerarsa ba ta ɗaukar fiye da kilo 109, don haka masu jiki su sani tun da wuri. Abubuwa uku za ka riƙe. Hannun dama yana kan sandar da muke kira saikilik, ita ke karkatar da faifan farfela: ka tura gaba jirgi ya yi gaba, ka karkata hagu ya bi hagu. Hannun hagu yana kan kolektif, wani ƙarfe a gefen kujera da ake ɗagawa ana saukewa. Idan ka ɗaga, duk rassan farfela suna ƙara cizon iska lokaci guda, jirgi ya yi sama. Totur yana jikin kolektif ɗin, murɗa shi ake yi, amma a jiragen yanzu akwai na'urar da ke daidaita shi da kanta. Ƙafafu kuma suna kan feda biyu masu sarrafa ƙaramar farfelar jela. Babu birki a cikinsu. Aikinsu juya hancin jirgi.

Wahalar ita ce ba ɗaya da za ka taɓa sauran su zauna lafiya. Inji yana juya babbar farfela gefe guda, gangar jirgin kuma tana son juyawa ɗaya gefen, farfelar jela ce ke hana ta. A jiragen Amurka, da ka ɗaga kolektif hanci zai nufi dama, sai ka danna fedar hagu. Da ka danna ta, farfelar jela ta ƙara tura jirgin gaba ɗaya zuwa dama, sai ka ɗan karkata saikilik hagu. Fedar kuma ta ci wani abu daga ƙarfin inji. A jiragen Faransa da Rasha farfela tana juyawa akasin haka, ƙafar dama ce ke aiki. Malam ba zai ba ka duka ukun a rana ɗaya ba. Zai ba ka feda kaɗai, sannan kolektif, sannan saikilik, kafin ya haɗa maka. Kuma duk lokacin da tuƙi zai koma daga hannu zuwa hannu sai an faɗa da baki: ya ce ya ba ka, ka ce ka karɓa, ya sake tabbatarwa. Idan ya ce ya karɓa, saki nan take, ko da kana ganin saura kaɗan ka gyara.

Tsayuwa cak a iska, ƙafa uku zuwa biyar daga ƙasa, ita ce darasin da ke sa babban mutum ya yi gumi har wando. Za a kai ka fili mai faɗi a ce ka tsaya wuri ɗaya, cikin daƙiƙa kaɗan ka ga jirgin yana lilo gaba da baya, kowane lilo ya fi na baya girma, har malam ya karɓa. Dalilin shi ne jirgin ba ya amsa maka nan take. Ka tura sanda, ba ka ga komai ba, ka ƙara, sai duka biyun su iso tare. Ka ja baya da ƙarfi don gyarawa, ka haifi wani lilon. Maganin abu uku ne. Ɗora damtsen hannunka na dama a kan cinya, ka riƙe sandar da yatsu, motsin kada ya wuce na wuyan hannu. Kada ka kalli ciyawar da ke ƙarƙashin hancin jirgi, ɗaga ido ka kalli wata bishiya ko gini can nesa. Sannan idan ka yi ɗan gyara, maido da sandar tsakiya ka jira, kada ka bi jirgin da gudu. Dubi yarinyar da ta ɗauko bokiti cike da ruwa a ka daga famfo: ba ta kallon bokitin, idonta yana kan hanya, wuyanta ne ke ɗan motsin da ba ka gani, kuma da ta sandare wuyan da ruwan ya zube. Mafi yawan ɗalibai sai sun shafe awoyi, wasu goma ko fiye, kafin abin ya zauna. Ba ya zuwa da kaɗan-kaɗan yadda ake zato. Wata rana kawai za ka ga jirgin ya tsaya, ka waiga ka tarar malam ya naɗe hannu. Idan ka ji yatsunka sun ƙage, ka faɗa a sauka a huta. Minti ashirin na wannan darasi ya fi awa guda ta tafiya gajiyarwa, kuma kuɗinka ne ke ƙonewa.

Mutane suna zaton helikwafta miƙewa sama yake yi tsaye kamar yadda ake nunawa a talabijin. Yana iyawa, amma ba haka za a koya maka tashi ba. Daga tsayuwa za ka ɗan tura gaba kana bin ƙasa, idan gudu ya kai kimanin kilomita 30 zuwa 45 a awa sai ka ji jirgin ya ɗan girgiza ya yi sauƙi, saboda farfela ta fita daga iskar da ta riga ta dama ta shiga sabuwa. Daga nan ake hawa. A littafin kowane jirgi akwai zane mai nuna haɗin tsawo da gudun da ake gujewa: kana sama ƙafa ɗari ko biyu kuma ba ka da gudu, idan inji ya mutu a nan ba ka da abin da za ka sauka da shi lafiya.

Wannan ya kawo mu tambayar da kowace uwa take yi mini: idan inji ya mutu fa? Ba faɗowa yake yi kamar dutse ba. Tsakanin inji da farfela akwai kuloci mai sakin kansa, da inji ya tsaya farfela ta ci gaba da juyawa. Aikinka na farko, kafin tunani, kafin rediyo, shi ne sauke kolektif ƙasa gaba ɗaya. Jirgi zai fara gangarowa, iskar da ke tasowa daga ƙasa ta riƙa juya farfelar. A R22 farfelar ba ta da nauyi, saurinta yana zubewa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu idan ka yi jinkiri, kuma idan ya zube ƙasa da iyaka ba ya dawowa. Shi ya sa hannun hagu ba ya yawo nesa da kolektif. Ka danna fedar dama, ka riƙe gudu wajen kilomita 120 a awa, ka zaɓi fili, ka fuskanci iska. Gangarowar tana da sauri, tana kai ƙafa 1,500 a minti ko fiye, kuma karo na farko cikinka zai ɗuri ruwa. Kusa da ƙasa, wajen ƙafa arba'in, ka ja saikilik baya don karya gudu, ka daidaita jirgin kada jela ta bugi ƙasa, sannan ka ɗaga kolektif ka kashe ragowar ƙarfin farfela wajen tausasa sauka. Za ku maimaita wannan har ya gundure ka. Daga nan kuma ido zai koyi wata ɗabi'a: duk inda kake tafiya kana neman inda za ka sauka. Ni ko a mota nake a hanyar Zariya, gonaki nake aunawa.

Akwai wasu tarkuna da malam zai nanata maka. Sauka a tsaye da sauri, fiye da ƙafa 300 a minti ba tare da gudun gaba ba, yana jefa jirgi cikin iskar da shi kansa ya tura ƙasa. Ƙara kolektif a nan ƙara nutsewa ne, mafita ita ce ka fice gaba ko gefe zuwa iska mai kyau. A jirgi mai farfela reshe biyu irin Robinson, ba a tura saikilik gaba farat ɗaya bayan hawa har ka ji jikinka ya yi sakayau a kujera, domin farfela tana iya dukan sandar da ke ɗauke da ita. Idan kuma ƙafar jirgi ɗaya ta maƙale a laka ko saiwa lokacin tashi, jirgin yana kifewa ta wannan gefe. Da ka ji ya fara karkata, sauke kolektif a hankali.

Abin da makarantar waje ba za ta koya maka sosai ba shi ne sararin garinmu. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kan tudu kimanin ƙafa 1,560 daga teku, wanda ba wani abu ba ne. Amma a watan Afrilu, rana ta take, zafi ya kai digiri 40, iska tana yin shara-shara har jirgi ya ji kamar yana kusan ƙafa 5,000. Inji ya rage ƙarfi, farfela ta rage kamu. Nauyin da ka ɗauka da sanyin safiya ba lalle ka iya ɗaga shi da azahar ba, don haka a bazara lissafin nauyi da biro ake yin sa, ba da ido ba, kuma idan alhaji ya zo da ƙarin mutum ɗaya da jaka biyu sai ka iya cewa a'a cikin ladabi. Da hunturu kuma hazo ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da manyan jirage ma ba sa iya sauka Kano. Ɗalibi da ido yake tuƙi, yana auna jirgi da layin da sama ta haɗu da ƙasa, hazo kuwa wannan layin yake fara sharewa. Kana iya ganin rufin gidaje a ƙarƙashinka, gabanka kuma fari fat, kunnenka na ciki yana gaya maka kana daidai alhali ka karkata. Idan daga Goron Dutse ba ka hango Dala sosai, ranar ta karatun aji ce. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Damina ta fi sauƙin karantawa: hadari yana haɗowa daga gabas, yawanci da yamma, iska mai ƙarfi da ƙura tana riga ruwan isowa. Ka tashi da safe, ka ɗaure jirgi kafin la'asar.

Sauka a inda ba filin jirgi ba, a makarantar firamare ko filin ƙwallo, shi ne inda aikin yake zama na gaske. Kafin ka sauka ka zagaya sama ka duba. Waya ba ta ganuwa daga sama, don haka turakun wuta za ka nema, ka ɗauka akwai waya tsakanin kowane biyu. Ka lura da dogayen ƙarafan sabis da shirwa masu shawagi kusa da mayanka da juji. A busasshiyar ƙasa farfela tana tayar da ƙurar da za ta rufe ka ruf a ƙafa goma na ƙarshe, shi ya sa ake roƙon a yayyafa ruwa, ko a sauka kai tsaye ba tare da tsayawa a iska ba. Leda ma abokiyar gaba ce. Sai jama'a. Duk wanda ya taɓa kai ɗan siyasa taro ya san yadda yara suke kwararowa da gudu. Ka sa a tsayar da mutane nesa tun kafin ka iso. Fasinja ya tunkari jirgi ta gaba inda kake ganinsa, kada ya kusanci jela ko da wasa, domin ƙaramar farfelar ba ta ganuwa idan tana juyawa. Hula a cire a riƙe, babbar riga a tattare, mayafi a ɗaure. Hular da iska ta ɗauke a bar ta ta tafi.

Wani abu da ba a rubuta a littafi ba: azumi. Ɗakin helikwafta gilashi ne, rana tana dukan ka kai tsaye, ƙishirwa kuma tana rage saurin tunani tun kafin ka ji ta. Idan horonka ya faɗo cikin Ramadan, nemi a sa ka a tashin farko na safe.

Bayan ka iya tsayuwa, tashi, zagaye da saukar gaggawa, wata rana malam zai fita ya bar ka kai kaɗai. Ka tuna nauyinsa ya fita tare da shi: jirgin zai tashi da wuri, kuma zai karkata ba yadda ka saba ba, don haka ɗaga shi a hankali. Lasisin sha'awa yana buƙatar shekara 17 da awa goma kai kaɗai, ciki har da tafiya mai nisan kilomita 180 da sauka a wurare biyu, kusan nisan Kano zuwa Katsina a mota. Na sana'a yana buƙatar shekara 18.

Lasisin sana'a ba takardar ɗaukar aiki ba ce. Kanawa sun ga wannan da idonsu bayan gwamnatin Kwankwaso ta tura matasa ɗari Jodan koyon tuƙin jirgi: dawowa da lasisi mataki ne, samun kujera wani mataki ne daban. A ɓangarenmu, yawancin aikin yana kudu, jigilar ma'aikatan mai zuwa teku daga Legas, Fatakwal da Warri, a kamfanoni irin Bristow da Caverton. Jiragensu masu inji biyu ne, kamar AW139 da Sikorsky S-76, kuma kowanne sai ka yi kwas ɗinsa na musamman an buga maka a lasisi. Suna kuma son wanda ya iya tuƙi da agogunan jirgi kaɗai ba tare da ganin waje ba, don haka ka sa kuɗin wannan kwas a lissafinka tun farko. Wasu lokuta kamfanonin suna tallar ɗaukar ɗalibai su horar da su da kuɗinsu. Ka riƙa bibiya, kuma duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sa sunanka, ɗan damfara ne. Za ka fara a matsayin mataimakin matuƙi, kana tara awoyi a littafinka, lasisin kyaftin na ƙoli kuma sai awa 1,000 da shekara 21. Kafin a bar ka ka tashi kan teku za a ɗaure ka a kujera cikin wani akwati mai siffar jirgi, a nutsar da shi a kwamin wanka, a kifa shi, a ce ka buɗe taga ka fito. Idan iyakar ruwanka kududdufin unguwa ne lokacin yarinta, ka nemi mai koya maka iyo tun kana Kano, kafin ka cike takardar neman aikin.